Yatsu Biyu, Sauti Uku: Yadda Black Sabbath Suka Ƙera Kiɗa Mai Nauyi

Duk yaron da aka miƙa wa jita mai lantarki da babbar lasifika zai iya hana unguwa barci. Wannan ba gwaninta ba ce, wutar lantarki ce ke aikinta. Abin da ke da wuya shi ne makaɗi ya kaɗa sauti uku kacal, a hankali, ba gaggawa, amma mai sauraro ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi, tsigar jikinsa ta tashi. Wasu samari huɗu 'yan unguwar Aston da ke birnin Birmingham a Ingila sun gano yadda ake yin haka a 1969, kuma sama da shekara hamsin ke nan makaɗa daga Amurka zuwa Brazil zuwa Japan suna bin sawunsu. Sunan ƙungiyarsu Black Sabbath. Salon da suka buɗe wa ƙofa shi ake kira heavy metal, kiɗan nan da yawancinmu, idan muka ci karo da shi a fim ko a waya, muke cewa hayaniya ce kawai da ihun mahaukata. Hayaniyar tana nan, babu musu. Sai dai a ƙarƙashinta akwai sana'a, kuma a wajen waɗannan huɗun ta fi fitowa fili, domin ba su da inda za su ɓoye kuskure: jita ɗaya, bes ɗaya, ganguna, sai murya.

Tony Iommi ne mai jita. Geezer Butler na riƙe da bes, wato jitar nan mai kaurin tsirkiya huɗu da ke ba kiɗa gindi, kuma shi ke rubuta yawancin baitocin. Bill Ward na kan ganguna, Ozzy Osbourne na waƙa. Uku daga cikinsu haihuwar 1948 ne, Butler kuma 1949. Aston ɗin da suka taso a ciki unguwar leburori ce, masana'antu ta ko'ina, hayaƙi ya rine bangon gidaje, ga kufan gine-ginen da jiragen Jamus suka rusa a Yaƙin Duniya na Biyu, inda yara ke wasa. Ward ya sha faɗi cewa yana yaro, idan ya kwanta da dare, yakan jiyo dukan manyan injinan ƙira daga nesa, yana bin su da yatsu. Osbourne ya yi aiki a mayanka, ya yi a masana'antar da ake gwada hon ɗin mota, har ya ɗanɗana gidan yari na makonni shida a kan sata. A shekarun da mawaƙan California ke ta rera waƙoƙin furanni da soyayya, waɗannan samari sun leƙa ta taga ba su ga fure ko ɗaya ba.

Tushen abin kuwa hatsari ne. Iommi yana da shekara 17, yana walda a wata masana'antar fallayen ƙarfe, ya riga ya sanar zai bar aiki domin ya samu ƙungiyar da za ta tafi da shi yawon kiɗa a Turai. A ranarsa ta ƙarshe ya dawo gida cin abincin rana da niyyar ba zai koma ba, mahaifiyarsa ta ce sai ya je ya ƙarasa wunin. Ya koma. Matar da ke kula da injin datse ƙarfe ba ta zo aiki ba, aka sa shi a gurbinta, alhali bai san injin ba. Injin ya sauko ya guntule masa kan yatsu biyu na hannun dama, na tsakiya da na zobe. Da badami ne, da abin ya zo da sauƙi, domin hannun da ke kaɗawa ba ya buƙatar kan yatsu sosai. Shi kuwa bahago ne: da hagu yake kaɗawa, da yatsun dama yake danne tsirkiya a wuyan jita, kuma a nan ake zaɓen kowane sauti. Likitoci suka ce ya haƙura da jita.

Shugabansa na wurin aiki ne ya zo duba shi da faifan Django Reinhardt, makaɗin jazz da aka haifa a Beljiyam ya yi rayuwarsa a Faransa. Ya matsa masa ya saurara, sai da ya gama ji ya gaya masa cewa mai wannan gudun yatsu gobara ta lalata masa yatsu biyu tun 1928, da biyu kawai yake yawancin abin da ya ji. Iommi ya tashi. Ya narkar da robar kwalbar sabulun wanke-wanke, ya dunƙule ta, ya huda ta da ƙarfe mai zafi har ta shige kan guntun yatsan, ya zauna yana gogewa har ta yi daidai. Da ya ga roba na santsi a kan waya, sai ya yanko fata daga wata tsohuwar jaket ya manna a kai. Da irin waɗannan huluna na yatsa ya yi sana'arsa har tsufa, sai dai daga baya ƙwararru suka riƙa yi masa su.

A nan ya kamata a ɗan dakata, domin kusan duk abin da aka sani da sautin Black Sabbath daga wannan rauni ya fito. Yatsan roba ba ya jin waya, don haka kunne ya karɓi aikin fata: dole ya saurari kowane sauti kafin ya san ya danne daidai. Tsirkiya mai kauri tana yi masa ciwo, a lokacin kuma kamfanoni ba sa yin siriri irin wanda yake so, sai ya riƙa haɗawa da tsirkiyar banjo. Haɗe-haɗen sauti masu buƙatar yatsu huɗu a buɗe sun gagare shi, sai ya koma kan haɗin sauti biyu, na gindi da na biyar ɗinsa, wanda yatsan nuni da ƙaramin yatsa ke iya riƙewa. Wannan taƙaitawa ta zo daidai da buƙatar lantarki. Idan aka ƙure amfilifaya har sauti ya fara ƙonewa yana kaushi, haɗin sauti huɗu ko biyar yakan dagule ya zama taɓo, amma na biyu yana fita tas, ya ƙara kauri. Ya kuma fi son kaɗa shi a kan tsirkiyoyin da suka fi kauri a jikin jitar tasa, can sama a wuyan jita, inda sautin ya fi duhu. A kundinsu na uku, Master of Reality na 1971, ya ƙara wani mataki: ya sassauta tsirkiyoyin duka, ya saukar da jitar taki uku ƙasa da inda kowa ke saita ta, don rage wa yatsunsa wahala. Butler ya saukar da bes ɗinsa don su daidaita. Abin da ya fito a waƙoƙi irin su "Children of the Grave" da "Into the Void" wani ruri ne mai zurfi da kunnen masu sauraron rock bai saba da shi ba. Yau dubban ƙungiyoyi na sassauta tsirkiya da yatsunsu lafiya lau, suna neman abin da shi ciwo ya kai shi gare shi. Wani hani ga Allah baiwa ne.

Hatta jitar da aka san shi da ita tsautsayi ne ya zaɓa masa. Fender Stratocaster yake kaɗawa, ta lalace ana tsakiyar ɗaukar kundin farko, ya ɗauko Gibson SG da ya ajiye ta ko-ta-kwana, bai sake komawa ba. Amfilifayarsa kuma Laney ce, ƙirar wani ƙaramin kamfani na yankinsu.

Zuciyar wannan sana'a ita ce abin da makaɗan ke kira rif: gajeren zubin kiɗa, sauti biyar ko goma, da ake maimaitawa har waƙa ta ginu a kansa. Aikinsa irin na taken ɗan dambe ne, wanda da zarar makaɗi ya taɓa shi fili ya san wa ake kira tun ba a buɗe baki ba. A yawancin waƙoƙin Turawa na lokacin, murya ce ke gaba, kayan kiɗa na yi mata rakiya. Iommi ya juya abin: rif ne maigida, murya baƙuwa ce. Ba shi ya fara yin rif ba, Cream da Led Zeppelin da Jimi Hendrix duk suna yi. Bambancinsa shi ne yawan da yake zubowa da kuma rashin rowa. Wani makaɗin zai ja rif ɗaya ya ci waƙa guda da shi. Shi yakan zuba uku ko huɗu a waƙa ɗaya, kowanne da gudunsa, ya sauya taki a tsakiya ba tare da sanarwa ba, kuma ɗinkin bai nuna ba.

Ɗauki waƙar da ta ba su suna, wadda ta buɗe kundinsu na farko. Ana fara jin ruwan sama, da tsawa, da ƙararrawar coci daga nesa. Sai jita ta faɗo da sauti uku: ɗaya a ƙasa, ninkinsa a sama, sai na uku da ya sauka a wurin da kunne bai zata ba. Masana kiɗan Turai sun raba tazarar da ke tsakanin sauti da ninkinsa gida 12. Idan ka hau taki bakwai, kunne yakan ji an sauka lafiya. Idan ka tsaya a na shida, daidai tsakiya, kunne ba ya samun wurin zama, sai ya yi ta jiran a ƙarasa. Malaman kiɗan Turai na da sun yi wa wannan tazara laƙabi da shaiɗanin cikin kiɗa, suna gargaɗin ɗalibai su guje mata. Ana yawan cewa coci ta riƙa hukunta masu kaɗa ta, amma wannan ƙarin gishiri ne. Ƙa'idar koyarwa ce, don tazarar tana da wuyar rerawa. Iommi ya tsaya a kanta, ya ƙi ƙarasawa, ya sa yatsa yana karkaɗa sautin, ya maimaita, ya sake maimaitawa, minti huɗu da wani abu, kafin kiɗan ya ɓalle da gudu. Butler ya ce asalin abin shi ne wata rana yana gwada kaɗa "Mars" na Gustav Holst a kan bes, kiɗan babbar ƙungiyar makaɗa daga Ingila da aka tsara sama da shekara hamsin kafin nan, washegari Iommi ya zo da nasa.

Abin lura shi ne yawan shirun da ke cikin wannan kiɗa da ake zargi da hayaniya. Tsakanin sauti da sauti akwai fili, kuma filin ne ke ba dukan nauyi. A "War Pigs", bayan jiniyar gargaɗin harin sama ta yi kukanta, jita da bes da ganga sukan doki sauti biyu tare, sai kowa ya yi tsit, ba abin da ya rage sai ƙyas-ƙyas ɗin 'yan faifan tagulla na Ward. A cikin wannan shirun Osbourne ke jefa baiti shi kaɗai, kayan kiɗa su amsa masa da duka biyu, ya sake jefawa. Kira da amsa ke nan, gadon kiɗan blues na baƙaƙen fatar Amurka, wanda jijiyarsa ta taso daga Afirka ta Yamma. Makaɗin da bai isa ba yana tsoron shiru, yakan cike kowane gurbi don kada a gane shi. Riƙe kiɗa a hankali ba tare da ya zube ba ya fi gudu wuya nesa ba kusa ba.

Nan ne aikin Butler da Ward yake, kuma su ne aka fi tauye wa haƙƙi idan ana labarin. Butler da farko jita yake kaɗawa, ya koma bes ne don Iommi ba ya son jita ta biyu a ƙungiyar. Da yake bai koyi bes a hannun kowa ba, sai ya riƙa bin rif ɗin Iommi sau da ƙafa, abin da ya ninka kaurin sautin. Ganin Jack Bruce na Cream ya nuna masa cewa bes ma tana iya magana, don haka da zarar Iommi ya tafi yawon kaɗaici a saman jita, Butler kan cike ƙasa da gudu da lanƙwasa tsirkiya, har ba a jin an rasa komai. Da yatsu yake dukan wayar, da ƙarfi, har tana ƙara a jikin itacen. Ward kuwa ɗan jazz ne a zuci. Gene Krupa da Buddy Rich ya taso yana ji, makaɗan manyan ƙungiyoyin Amurka. Shi ya sa gangarsa ba ta tafiya kamar agogo. Tana rangaji, tana ɗan jinkirta duka, tana zagaye rif ɗin tana amsa masa. A ganina wannan ne abin da mafi yawan masu kwaikwayonsu suka kasa ɗauka. Sun ɗauki nauyin, sun bar rausayar, sai kiɗansu ya fito a sandare. Saurari "Fairies Wear Boots" ka ji yadda abu mai nauyin nan yake taka rawa.

Osbourne ba gwanin murya ba ne irin Robert Plant ko Ian Gillan, kuma bai taɓa cewa shi ne ba. Beatles ne suka sa shi sha'awar waƙa, daga gare su ya ɗauko son karin da ke maƙalewa a kai. Muryarsa siririya ce, ta hanci, ba ado, kamar ta mutumin da ya ga abin tsoro yana ba da labari. Wannan ya dace da kiɗan fiye da ƙwarewa, domin tana ratsa kaurin jita ta fito sama. A "Iron Man" bai ma nemi wani kari dabam ba, rif ɗin ya bi yana rerawa.

Ba a ɗaki suka koyi wannan haɗin kai ba. Sun fara a 1968 a matsayin ƙungiyar blues, da sunan Polka Tulk, daga baya Earth. A ƙarshen shekarar Iommi ya ɗan shiga Jethro Tull, bai daɗe ba ya dawo, amma ya dawo da darasi: a can ya ga ana fara atisaye da safe a kan lokaci kamar aikin ofis, ya ɗora wa abokansa wannan doka. Sai kuma zaman Hamburg a Jamus, a Star-Club inda Beatles suka taɓa yi, da Zurich a Suwizalan, inda ake sa su hawa dandamali sau da yawa a dare ɗaya. Waƙoƙinsu ba su isa cike lokacin ba, sai su ja guda ɗaya su yi ta juya ta, kowa na sauraron ɗan'uwansa. Daga irin wannan jan ne "War Pigs" ta fito. A watan Agusta 1969 suka sauya suna, don akwai wata ƙungiya mai suna Earth. Sabon sunan na wani fim ɗin ban tsoro ne na 1963 da Boris Karloff ya fito a ciki. Sun lura cewa mutane na bin layi su biya kuɗi a tsorata su a silima, suka ce me zai hana a yi kiɗan da zai yi wannan aikin.

Saboda wannan gogewa, da suka shiga situdiyon Regent Sound a Landan a watan Oktoba 1969, wuni ɗaya ya ishe su ɗaukar kundi guda. Sun kaɗa shi kamar yadda suke yi a gaban jama'a, suka kama hanya. Ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1970, ranar da Turawa ke camfawa, ya kai na 8 a jerin cinikin Birtaniya. Masu sharhi suka yi masa kaca-kaca. Lester Bangs na mujallar Rolling Stone ya kwatanta su da Cream, ya ce sun fi muni. Matasan masana'antu ba su karanta sharhin ba, suka ci gaba da saye. A watan Satumba na shekarar kundi na biyu, Paranoid, ya fito ya hau na ɗaya. Waƙar da ta ba shi suna, wadda ba ta kai minti uku ba, cikon gurbi ce: an ce musu faifan bai cika ba, suka haɗa ta cikin ƙasa da awa ɗaya. Ita ce ta zama mafi shahara a duk abin da suka yi, abin da ya daɗe yana ba su mamaki.

Dole a taɓa maganar da mai karatu ke riƙe da ita a baki: ashe ba 'yan bautar shaiɗan ba ne? Sunan da hotunan sun jawo wannan zargi, kamfanin faifansu kuma ya hura wutar, domin shi ya buga gicciye a kife a cikin bangon kundin farko ba da saninsu ba. Gaskiya ne Butler ya yi karance-karancen tsafi yana matashi, amma ɗan gidan Katolika ne masu riƙo da addini, kuma bisa labarinsa wani abu da ya gani tsaye a ƙarshen gadonsa da dare ya sa ya watsar da harkar. Waƙar "Black Sabbath" kanta gargaɗi ce, mutumin cikinta neman ceton Allah yake yi. "After Forever" ta 1971 kare imani da Allah take yi ƙarara. "War Pigs" zagin shugabannin da ke tura 'ya'yan talakawa yaƙi ne su kuma su noƙe, a daidai lokacin yaƙin Vietnam. "Electric Funeral" a kan makamin nukiliya take, "Hand of Doom" a kan sojojin da suka dawo suka faɗa allurar ƙwaya. Manyan gicciyen da suke ratayawa a wuya mahaifin Osbourne ne ya ƙera musu na farko, bayan wasu matsafa sun gayyace su wasa sun ƙi, aka ce an yi musu baki. Wanda bai yarda da kiɗa ba gaba ɗaya yana da hujjarsa, wannan wani zance ne dabam. Amma a zarge su da abin da suka yi.

Abin da suka yi ɗin kuwa ba kaɗan ba ne. Giya da hodar iblis sun ci su. Kundin Vol. 4 na 1972, da suka ɗauka a Los Angeles, cikin hodar aka yi shi. Rigima da manajoji a kotu ta cinye musu kuɗi da natsuwa. Zuwa 1978, ƙungiyar Van Halen da ke buɗe musu fili tana shafe su dare bayan dare, a 1979 kuma suka kori Osbourne. Kundaye shida na farko, daga 1970 zuwa Sabotage na 1975, su ne gadon. Na bayansu biyu sun nuna gajiya.

A kan dandamali kowannensu da halinsa, kuma saɓanin halayen ne abin kallo. Iommi na tsaye cikin baƙaƙen kaya, gicciye a ƙirji, da ƙyar yake ɗaga ƙafa, idonsa a kan wuyan jita, bayansa bangon lasifikoki. Ba girman kai ba ne kawai: mai yatsun roba ba shi da damar tsalle-tsalle. A wasu shekarun na 1970 shi ke tsayawa a tsakiya, mawaƙin yana gefe, abin da ba a saba gani ba, amma ya faɗi gaskiyar wanda ke jan ragamar. Butler na sunkuye, gashi ya rufe fuska, kai na kaɗawa da kowane duka. Ward yakan tuɓe riga, ya doki ganguna kamar suna da bashinsa, ya sauko a jiƙe sharkaf. Shi kuwa Osbourne, mutumin da ke rera waƙoƙin tashin duniya, shi ne mai fara'ar taron. Ga shi cikin riga mai tuntaye a hannu, ya ɗaga yatsu biyu na alamar zaman lafiya da hannu bibbiyu, yana tsallen kwaɗo, yana tafi sama da kai, yana roƙon jama'a su tafa, su haukace, yana gaya musu yana ƙaunarsu. A shekarun baya ya ƙara da watsa musu ruwa da bokiti. Wanda ya kalli bidiyon California Jam na 6 ga Afrilu 1974, inda suka yi wasa da rana tsaka a gaban mutum sama da dubu 200, zai ga babu hayaƙi, babu dodo, mutum huɗu ne kawai da kayan aikinsu. Labarin cizon kan jemage da aka fi sanin Osbourne da shi a 1982 ya faru, a Des Moines ta Amurka, kusan shekara uku bayan ya bar ƙungiyar.

Wanda ya gaje shi, Ronnie James Dio, Ba'amurke ɗan asalin Italiya, gwanin murya ne na gaske, kuma ya sauya salon: maimakon bin rif, sai ya riƙa ratsa shi da nasa karin, kamar yadda ake ji a Heaven and Hell na 1980. Da yake ba ya son kwaikwayon alamar hannun Osbourne, sai ya ɗauko ta kakarsa, ɗaga yatsan nuni da ƙaramin yatsa, wadda tsofaffin Italiya ke yi don kore kambun baka. Ita ce yau alamar masoya metal a duniya. Lokacin da 'yan ƙungiyar suka gwada ƙawa a dandamali kuwa abin dariya ya zama. A rangadin 1983, da Ian Gillan a bakin makirufo, sun sa a gina musu kwaikwayon duwatsun Stonehenge. A cewar Butler an rubuta awon da mita maimakon ƙafa, ginin ya fito ya fi ƙarfin yawancin zaurukan da za su yi wasa.

Kada kuma a ɗauka ruri kaɗai suka iya. Iommi ya yi imani cewa nauyi ba ya jin nauyi sai an ajiye shi kusa da abu mai taushi. Shi ya sa a tsakiyar Paranoid aka saka "Planet Caravan", mai sanyi, da ganguna na hannu da jita irin ta jazz, sai "Iron Man" ta biyo bayanta ta faɗo kamar gini. Akwai sarewa a "Solitude", akwai fiyano a "Changes".

Garin da ya daɗe yana jin kunyarsu ya dawo yana alfahari da su. A 2019 aka sa wa wata gada a titin Broad Street sunan ƙungiyar, a 2023 kuma ƙungiyar rawar bale ta Birmingham ta shirya wasa a kan kiɗansu. Ranar 5 ga Yuli 2025 su huɗun na asali suka hau dandamali tare, karon farko cikin shekara ashirin, a filin ƙwallon Villa Park, 'yar tafiya kaɗan daga gidajen da suka taso. Metallica da Slayer da Guns N' Roses, manyan da kowannensu ke cika filin wasa shi kaɗai, suka zo a matsayin masu buɗe fili. Osbourne, da cutar Parkinson ta hana shi tsayuwa, a zaune ya yi waƙa a kan wata baƙar kujerar mulki. Waƙa huɗu suka yi, aka ware ribar taron ga asibitin yara na Birmingham da wasu gidauniyoyi biyu. Ya rasu ranar 22 ga watan, yana da shekara 76.

Mai son ya gwada kunnensa kada ya fara da lasifikar waya, domin ba ta fitar da bes, rabin kiɗan ke nan ya tafi. Ya nemi abin sawa a kunne mai kyau, ya nemo bidiyon wasansu na 1970 da aka ɗauka a Brussels, wanda ake yawan liƙa wa sunan Paris, ya kai kan "War Pigs". A ji na farko ya bar mawaƙin da mai jita, ya zuba wa Bill Ward ido.